Neman kalma: me za mu kira layukan da taurari ke bari a hoton dare?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum jama'a. Agajinku nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Gobe da la'asar za mu naɗi shirin kimiyya na rediyo, maudu'in kuwa shi ne hoton nan da ake ɗauka da dare, wanda taurari ke fitowa a cikinsa layi-layi masu lanƙwasa maimakon ɗige-ɗige. Da Turanci ana ce wa layukan "star trails", salon ɗaukar kuma "long exposure". Kalmar farko ta cika takardar da ke gabana, ba zai yiwu duk inda na ci karo da ita in tsaya dogon bayani ba. Ku tuna rediyo ne, mai sauraro ba ya ganin hoton, kalmar ce kaɗai za ta nuna masa shi. Na rubuta "wutsiyar taurari" da fensir, amma raina bai kwanta da ita ba.

Hadiza:
Wa alaikumus salam. Goge wutsiyar nan tun yanzu, ƙanwata. Tauraruwa mai wutsiya tana da mai ita, irin su Halley da ta bayyana a 1986. Kina faɗa kowa can hankalinsa zai tafi. Ni zan ce "zirin taurari".

Musbahu:
Layin taurari mana, Anti. Ko kuma a ce sitatirel kawai a wuce wurin, ai masu hoto haka suke faɗa.

Sani mai hoto:
Musbahu, masu hoton da ka sani ne suke faɗa, su nawa ne a cikin masu jin rediyo? Malama Rabi, bari in faɗi yadda ake yin abin, wataƙila kalmar ta fito daga cikin aikin. Kyamara ake kafewa a kan ƙafa uku, a saita ta ga sama, a bar idonta a buɗe. Kyamara ba ta motsa ba, amma ƙasar da take tsaye a kai tana juyawa, saboda haka hasken kowane tauraro yana ja a hankali a kan fim ko sansa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske. Da gilashi mai faɗin gani, misali mai milimita 24, sakan 20 kacal kike da shi kafin ɗigon tauraro ya fara miƙewa. Muna da ƙa'idar da muke lissafi da ita: a raba 500 da yawan milimitar gilashin, abin da ya fito shi ne sakan nawa za ki iya buɗewa tauraro na nan a ɗigonsa. Wanda ke son layukan kuwa da gangan yake zarce wannan iyaka, ya kai awa ɗaya, biyu, har huɗu. Ni abin da ke zuwa bakina shi ne sawu. Sawun taurari. Abu ya wuce, ya bar alama.

Hadiza:
Lissafin haka yake. Duniya na kammala juyi ɗaya, in an auna da taurari, cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4. Wato kusan digiri 15 a awa, digiri ɗaya duk minti huɗu. Hoton awa huɗu zai ba ki kashi ɗaya bisa shida na da'ira. Sawu bai yi mini muni ba, sai dai sawu taku-taku ne, a rarrabe, wannan kuwa layi ne miƙaƙƙe ba yankewa. Shi ya sa na ce ziri. Kunnen masu sauraro ma ya saba da kalmar, kullum suna jin Zirin Gaza a labarai.

Sani mai hoto:
Malama, sawun keke fa? Sawun maciji fa? Ba taku a cikinsu, layi ne ɗaya tal, kuma ba wanda ya taɓa kiransu zirin keke.

Baba Idi:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da na lura shi ne kowa ya ɗauko kalma biyu ya ɗaure da igiya: wutsiyar kaza, zirin kaza, sawun kaza. Wannan ba ƙirƙira ba ce, kwatance ne. Harshen da ya isa yana haifar kalma guda wadda za ta tsaya da ƙafarta. Muna da ƙirar da ta ba mu mantau, makarau, gagarau. To ga tawa: ZAGAYAU. Hoton zagayau. Gajera ce, tana da daɗin faɗa, yaro zai riƙe ta daga ji ɗaya, kuma duk wanda ya ga hoton nan abin da zai fara gani shi ne zobe cikin zobe suna zagaye wuri guda. 'Yata Rabi, ki sa ta a shirin, bayan wata uku za ki ji ta a bakin mutane.

Rabi'atu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Tana da daɗi a kunne, gaskiya. Amma in na ce "zagayau" ba tare da na ambaci tauraro ba, mai sauraro zai san sama nake nufi?

Baba Idi:
Ran da aka fara cewa "jirgin sama" ma sai da aka yi bayani. Sau ɗaya za ki fassara, shi ke nan.

Hadiza:
Baba, da girmamawa, matsala biyu nake gani. Ta farko, ba kullum ne zobe ke fitowa ba. Sai ka fuskanci arewa ko kudu ne kake samun da'ira. In ka juya kyamara gabas ko yamma, taurarin da ke kan tsakiyar sama, daidai saitin layin ikwaita da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, miƙaƙƙen layi suke ja, na hagunsu su lanƙwasa gefe guda, na damansu su lanƙwasa ɗaya gefen. Mai hoton da ya ɗauki wannan, me zai ce ya ɗauka? Babu zagaye a ciki ko kaɗan. Ta biyu, kalmomin da Baba ya kawo duk masu hali suke kira. Mantau mai mantuwa ne, makarau mai makara. To zagayau zai zama shi tauraron da ke zagayen, mu kuwa alamar da ya bari muke nema wa suna.

Baba Idi:
Miƙaƙƙen layin nan ma yanki ne na babbar da'ira, ke kin fi ni sani. Idon kyamara ne bai isa ya ga sauran ba.

Hadiza:
Haka ne, Baba. Amma mai kallo abin da ke kan takarda yake gani.

Ustaz Nura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina mamakin yadda ake ta lalube alhali ilimin taurari ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe suna karanta falaki, da buruji, da manzilolin wata 28, da Larabci da ajami. Larabawan yau suna ce wa wannan hoto "masaratun nujum", wato hanyoyin da taurari ke bi. Me zai hana mu ce "falakin taurari"? Kalma ce mai asali, mai daraja, ba ƙirƙirar jiya ba.

Musbahu:
Allah ya gafarta Malam, in aron Larabci ya halatta, me ya haramta aron Turanci? Hoto, kyamara, rediyo, minti, awa, batir, duk da su muke wannan hirar. Ni ban ga abin kunya ba.

Ustaz Nura:
Bambancin shi ne shekaru ɗaruruwa, Musbahu. Falaki ta zauna, ta yi jijiya, tana cikin waƙoƙin malamai. Taka kuwa ko rubuta ta ba ka san yadda za ka yi ba, sitatirel ne ko sitartirel?

Baba Idi:
Ku biyun duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Wannan ya miƙa hannu gabas, wancan ya miƙa yamma, kowa da ƙoƙon bararsa. Shekara nawa za mu yi muna haka? Kullum aka zo maganar kimiyya sai a ce Hausa ba ta da shi. Wa ya ce ba ta da shi? Mutanen da suka raɗa wa Zara suna, suka raɗa wa Gamzaki, suka dubi tarin taurarin nan suka ce Kaza da 'ya'yanta, su ne za a ce ba su san sama ba? Mu ne muka yi lalaci, muka daina raɗa suna. Ni abin da ke ci mini rai ke nan, ba wai don zagayau tawa ce ba.

Mamman:
Baba, a yi haƙuri, su ma waɗanda ake ganin harshensu ya isa ɗin kalma biyu suka ɗaure. Faransawa "filé d'étoiles" suke cewa, daga kalmar zare, salon ɗaukar kuma "pose longue". Turancin da Malama Rabi ta kawo ma kalma biyu ne, tauraro da sawu. Ba wanda ya ce harshensu ya gaza saboda haka. In Faransanci za mu bi sai mu ce "zaren taurari", amma ni ma sawu ya fi kwanta mini.

Baba Idi:
To ka ga ni. Ashe sawun ma fassarar Turancin ce kai tsaye. Bara ce dai, an sake mata riga.

Sani mai hoto:
Baba, wallahi ban duba ƙamus ba. Abin da idona ya gani a bayan kyamara na faɗa. In Bature ya ga sawu ya ce sawu, ni ma na gani na ce sawu, ba aro na yi ba, abu ɗaya muka kalla.

Hadiza:
Akaramakallahu, falaki ba za ta yi ba, kuma dalilin na ilimi ne, ba na asali ba. A aji falaki muke ce wa hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana, ko wata yana kewaya duniya. Wannan tafiya ce ta gaske. Layukan hoton nan kuwa ba hanyar tauraro ba ce, juyin mai kallo ne ya haife su. In ɗalibi ya ji "falakin taurari" zai ɗauka taurari ne ke kewaya mu duk dare, sai mu shekara muna warware masa. Kuma aro daga Larabci ma yakan sauya a hanya: daƙiƙa a Larabci minti ce, a bakin 'yan jaridarmu ta koma sakan. Rabi, a shirin ki ce sakan, kada a samu ruɗani a lissafin Malam Sani.

Ustaz Nura:
To ai sawu ma haka ne, Malama. Mai tafiya ne ke barin sawu. In kin ce sawun taurari kin ce taurari sun yi tafiya.

Hadiza:
Wannan magana ce mai nauyi, na karɓa. Amma muna cewa rana ta fito, rana ta faɗi, kuma ba wanda ya nemi a canza. Harshe yana faɗin abin da ido ya gani, darasi ya zo ya faɗi dalili. Bambancin shi ne falaki kalmar darasi ce, an riga an ba ta aiki, in muka ɗora mata wani za ta karye. Sawu kalmar ido ce. Ga wata hujja ma: a 2012 ɗan sama jannatin Amurka Don Pettit ya ɗauki irin wannan hoto daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke kewaya duniya cikin kusan minti 90. A can ba juyin duniya ne ya ja layukan ba, motsin tashar ne. Duk sunan da muka ɗaure shi da dalili guda zai gaza a wani wurin. Wanda ya tsaya kan alamar da aka bari zai yi aiki ko'ina.

Musbahu:
Anti ta bar ziri ke nan?

Hadiza:
Ziri na faɗin siffa, ba ya faɗin motsi. Zan riƙe shi don layi guda: kowane tauraro da zirinsa, ja ko fari ko shuɗi-shuɗi. Rabi, ki ambaci launin, yana da kyau a rediyo. Launin na nuna zafin tauraro ne, Betelgeuse mai ja ya fi Rigel mai shuɗi sanyi nesa ba kusa ba, kuma a hoton sawu launin ya fi fitowa fiye da yadda ido ke gani.

Sani mai hoto:
Ga wani gwaji da nake yi wa kalma: tana shiga bakin mai aiki? Domin mu ba kullum muke son layukan ba. Mai ɗaukar hoton gungun taurari yana kashe kuɗi ya sayi na'urar da ke juya kyamara daidai da juyin sama don kada su fito. Tun hoton tauraro na farko, na Vega, da aka ɗauka a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1850, madubin hangen nesan bin tauraron yake yi. To ku gwada: "Rage lokacin, taurarinka sun fara barin sawu." "Sawun ya yanke a tsakiya, batir ya mutu." "Raɓa ta sauka a gilashi, rabin sawun ya dushe." Duk sun zauna. Yanzu ku sa zagayau a wurin.

Kuma ga wani abu. Yau da wuya ka ga wanda ke buɗe kyamara awa biyu a jere, domin sansa na ɗumi, hoton ya cika da ƙurajen launi, hasken gari kuma ya wanke sama ta yi fari fat. Abin da muke yi shi ne hotuna gajeru, sakan 30 kowanne, ɗaya na bin ɗaya. Guda 120 sun ba ka awa ɗaya. Sai a zuba su a manhaja irin StarStaX, ta ɗora su a kan juna, a kowane gurbi ta zaɓi wanda ya fi haske. Tsakanin hoto da hoto akwai ɗan jinkiri, sakan ɗaya ko ƙasa da haka, kuma in ka faɗaɗa hoton sosai za ka ga layin a yanke-yanke, taku bayan taku. In mutum ya manta bai kashe tsarin rage ƙuraje na kyamara ba kuwa, bayan kowane sakan 30 sai ta rufe ido ta yi wani sakan 30 tana ɗaukar duhu, rabin tafiyar ya ɓace. Malama Hadiza, ga sawunki na taku-taku nan ma ya samu.

Musbahu:
Na sallama. Sahun taurari ya yi.

Ustaz Nura:
Sawu, Musbahu, da "w". Sahu jeri ne, daga Larabci, shi ake daidaitawa a salla. Wannan kuskuren ya cika rubutun matasa, har "bin sahu" suke rubutawa in suna nufin bin sawu. Malama Rabi, ki fito da harafin sosai a makirufo, in ba haka ba rabin masu sauraro jerin taurari za su ji.

Rabi'atu:
Na gode, Malam, na ja masa layi. To saura biyu, kuma dare na yi. Wurin nan da duk zobban ke kewayewa, me zan ce masa? Sai kuma salon ɗaukar.

Mamman:
Turke. Duk taurarin kamar dabbobin da aka ɗaure ne, kowacce da tsawon igiyarta, suna kewaya turke guda. Ba mu kaɗai muka ga haka ba: Turkawa na kiran tauraron arewa Demirkazık, turken ƙarfe, mutanen Mongoliya kuma Altan Gadas, turken zinariya.

Hadiza:
Turken sama ya yi ƙwarai, na arewa da na kudu. Sai dai a bambanta turken da tauraron. Polaris, wato tauraron arewa, ba a kan turken yake daidai ba, ya kauce da ƙasa da digiri ɗaya, don haka shi ma yana barin ɗan ƙaramin sawunsa, zoben da faɗinsa ya fi faɗin wata biyu in da zai cika. Tsayinsa daga ƙasa kuma daidai yake da nisan mai kallo daga ikwaita: a ikwaita yana kwance a gindin sama, a ƙarshen arewacin duniya yana tsakar ka. Turken kudu ba shi da tauraro mai haske, shi ya sa hotunan Ostareliya da Chile ke da duhu a tsakiyar zobban. In kin fuskanci arewa zagayen saɓanin hannun agogo yake, a kudu kuma yana bin hannun agogo.

Baba, ga wata shawara. Akwai taurarin da ke kusa da turke, waɗanda ba sa faɗuwa sam, dare da rana suna sama suna kewayawa. Ba ni da sunansu da Hausa, kullum sai na yi jimla. Waɗannan su ne masu halin zagaye, ƙirar mantau ta dace da su sarai. In Baba ya yarda, zagayau tasu ce, ni zan fara amfani da ita a aji.

Baba Idi:
Na kawo kalma don babban ɗaki, kin kai ta zaure. To, ba zan hana ki ba, 'yata, tunda aikin da kika ba ta ma aiki ne. Amma ban janye ba. Sawun taurari kwatance ne, kuma ina nan a kan bakana cewa sai mun koyi haifar kalma guda. Duk wanda ya tambaye ni sunan hoton nan, hoton zagayau zan ce masa.

Sani mai hoto:
Salon ɗaukar, ni "doguwar ɗauka" nake cewa.

Musbahu:
A wurin masu bidiyo doguwar ɗauka ita ce a yi ta naɗa ba a yanke ba, Yaya Sani. Za a rikice.

Mamman:
Dogon buɗi fa? Tunda idon kyamara ake bari a buɗe.

Ustaz Nura:
Buɗi kuma ai arziki ne, wanda muke roƙo Allah ya kawo. Ba zai zauna ba.

Hadiza:
Abin da ke faruwa a zahiri shi ne sansa na shan haske, tana tarawa. Ido ba ya iya wannan, abin da ya gani yanzu ya wuce, shi ya sa ba mai ganin sawun da idonsa komai daɗewar da ya yi yana kallo. "Dogon shan haske." Har ma za a iya cewa hoto ya sha haske da yawa, ko bai sha isasshe ba.

Sani mai hoto:
Mu "ya ƙone" muke cewa in ya yi yawa. Dogon shan haske daidai ne a ma'ana, Malama, amma ba na jin zai fito daga bakina a wurin aiki. Ya yi kama da kalmar allo.

Rabi'atu:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, dole in rufe takarda. Ga abin da zan karanta: "Idan aka kafe kyamara aka bar idonta a buɗe tana shan haske na tsawon lokaci, juyin duniya kan sa kowane tauraro ya bar sawu, sawayen kuma su kewaye turken sama." Daga nan sai in ci gaba da sawun taurari har ƙarshe. Salon ɗaukar sau biyu kawai ya fito, zan faɗe shi da jimla, ba zan raɗa masa suna ba tunda ba ku daidaita ba. Baba, zan ambaci zagayau a wurin taurarin da ba sa faɗuwa, in ce wani dattijo malamin Hausa ne ya ba mu ita.

Baba Idi:
Ki faɗi cewa don hoton na ƙirƙire ta, su suka mayar da ita can. Allah ya ba da sa'a.

Ustaz Nura:
Amin. Jam'in nan kuma, sawaye kika rubuta, wasu sawuna suke cewa. Ki tsaya kan ɗaya.

Sani mai hoto:
Malama Rabi, in da sauran minti a shirin, ki gaya musu su zaɓi daren da babu farin wata, su yi nesa da fitilu, su cika batir, su kuma kashe fitilar waya kusa da kyamara. Ɗora hotuna 120 ɗin nan a kan juna ma ba mu ba shi suna ba. Ni "jibgi" nake ce masa, ban sani ba ko Malama Hadiza za ta bari ya wuce.